Jingar Ƙetare: Abin Da Kamfanonin Waje Ke Dubawa Kafin Su Kawo Wa Ƙasa Aiki

Duk wanda ya taɓa zaman shago wajen masu sayar da huluna a Kasuwar Kurmi ya san ba a shagon ake ɗinka yawancinsu ba. Maigida zai sayi yadi da zare, a yi zane, sannan a raba wa masu ɗinki, wasu a gidajen cikin birni, wasu a ƙauyukan da ke kewaye. Jinga aka yi: kuɗi kaza, rana kaza. Idan ka tambaye shi abin da ke hana shi barci, da wuya ya ce maka tsadar ɗinki. Fargabarsa ita ce a ce saura kwana biyar Sallah, ga baƙo ya taso tun daga Agadas ya ba da kafin alƙalami, sai yaro ya dawo da saƙon cewa mai ɗinki ta tafi biki, ko ɗaki ya yi yoyo kaya sun jiƙe, ko kuma, wanda ya fi ciwo, ya hango irin zanensa a rataye a shagon maƙwabci. Shi ya sa za ka tarar yana da mutum uku ko huɗu da ba ya rabuwa da su, ko da sun fi kowa tsada.

Irin wannan cinikin ne manyan kamfanonin Amurka da Turai suke yi da ƙasashe masu tasowa tun shekarun 1980, sai dai su ba hula suke bayarwa ba. Banki a Landan zai miƙa amsa kiran abokan cinikinsa ga wani gini a Manila. Kamfanin inshora a Amurka zai aika takardun asibiti Indiya a shigar da su kwamfuta kafin gari ya waye. Wani zai ba da rubutun manhaja, wani lissafin albashi, wani tace hotuna. Hanyar biyu ce: ko a ba wa ɗan kwangila na can ƙasar jinga, ko kamfani ya kwashi komatsansa ya je ya buɗe reshe da kansa. Ta biyun ta fi nauyi, don mai jinga idan ya ɓata a sauya shi da wani, amma wanda ya gina reshe ya riga ya binne kuɗinsa a ƙasar mutane.

Kuma ba ƙaramin abinci ba ne. A Indiya harkar fasahar sadarwa da ayyukan jinga tana riƙe da mutum sama da miliyan 5, kuɗin da take juyawa a shekara ya haura dala biliyan 200. A Filifin ma'aikata sun wuce miliyan 1.5, kuɗin shiga ya wuce dala biliyan 30. Saboda haka kusan kowace gwamnati a Afirka ta taɓa tsayawa gaban 'yan jarida ta ce ita ma ta shirya. Najeriya tana cikinsu, kuma hujjarta a kullum iri ɗaya ce: muna da matasa, muna jin Turanci, albashi da araha, agogonmu kusan ɗaya da na Turai. Duk gaskiya ne. Sai dai waɗannan su ne irin abin da maigidan Kurmi yake ji daga bakin kowane sabon mai neman ɗinki.

Jerin gwano da ainihin aunawa

Akwai ma'aunai da ake wallafawa. Wanda aka fi sani shi ne na kamfanin ba da shawara na Kearney, da ya fara fitowa a 2004, inda ake jera ƙasashe bisa arahar aiki, yawan ma'aikata da ƙwarewarsu, yanayin kasuwanci, daga baya kuma aka ƙara da zurfin fasahar zamani. Indiya ce ke zuwa ta ɗaya tun da aka fara. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma tana da nata lissafin na yawan masu waya da intanet. Amfanin waɗannan jerin shi ne na rariya: da su ake tankaɗe ƙasa hamsin a bar biyar. Daga nan aikinsu ya ƙare. Matsalarsu ita ce matsakaicin lissafi. Idan ka haɗa Ikoyi, unguwar masu kuɗi a Legas, da wani ƙauye a Zurmi ka raba biyu, abin da zai fito ba Ikoyi ba ne, ba Zurmi ba ne, wuri ne da babu shi a taswira. Kamfani kuwa adireshi yake nema: gini ɗaya, a kan titi ɗaya, da mutanen da za su iya isowa gare shi cikin awa guda.

Tarihin Indiya shi ya fi fito da wannan fili. Lokacin da Texas Instruments, kamfanin kayan lantarki na Amurka, ya buɗe ofishinsa a Bangalore a 1985, mutumin Indiya yakan yi shekaru a layi yana jiran a ja masa wayar tarho gidansa. Da kowane ma'auni aka auna ƙasar a lokacin, da ta faɗi warwas. Kamfanin sai ya zo da faifan tauraron ɗan Adam nasa na kansa, har akwai wani sanannen hoto na kayan ana sauke su daga amalanken shanu. A 1991, shekarar da Manmohan Singh yana ministan kuɗi aka sassauta wa tattalin arziki mara, gwamnati ta kafa hukumar dandalin manhajoji, wadda ta samar wa kamfanoni layin tauraron ɗan Adam, ta yafe musu haraji, ta rage musu zirga-zirgar ofisoshi. Kamfanoni irin su Infosys suka gina harabarsu da wutarsu da ruwansu da motocin ɗaukar ma'aikatansu. A waje ana ɗauke wuta, titi duk ramuka, a ciki kuma aiki bai tsaya ba. Da fargabar rikicewar kwamfutoci a shigowar shekarar 2000 ta taso, aka rasa masu gyara tsoffin manhajoji a Amurka, sai ga Indiya da dubban injiniyoyi da kuma layin da za a turo musu aikin.

Kenya ta bi ta ɗaya hanyar. A shirinta na raya ƙasa zuwa 2030, da aka ƙaddamar a 2008, ta sanya jingar ƙetare cikin manyan ginshiƙai. Kamfanonin farko irin su KenCall da tauraron ɗan Adam suke aiki, mai tsada da jinkiri, don haka kowa ya ɗauka igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ce kaɗai ta rage. A 2009 igiyoyin SEACOM da TEAMS suka iso Mombasa, EASSy ta biyo baya a 2010. Kuɗin intanet ya sauka ƙwarai. Amma ambaliyar kwangilar da aka yi ta jira ba ta zo a lokacin ba, ƙananan cibiyoyi da yawa suka koma neman aikin cikin gida. Ashe igiya ƙofa kawai ta buɗe. Ba ta kawo wanda ya san manajan banki a Birtaniya ba, ba ta kawo wanda ya taɓa riƙe ma'aikata dubu ba. Sai da aka ƙara shekaru kafin Nairobi ta zama abin da ta zama yau.

Bayan gini

Yanzu a ce Najeriya ta tsallake rariya, an turo tawaga. Yawanci za ka ga injiniya, lauya, akanta, da mai kula da ɗaukar ma'aikata. Za a kai su ɗakin taro mai sanyi a nuna musu alƙaluma a bango. Injiniyan zai saurara da ladabi, sannan ya ce a kai shi bayan gini.

Abin da ya sa kuwa yana cikin takardar kwangila. Irin wannan yarjejeniya takan ƙayyade adadin lokacin da dole aiki ya kasance yana tafiya, kuma kashi 99.9 cikin 100 ba wani abin a zo a gani ba ne a wannan harka. A yi lissafi: shekara awa 8,760 ce. Kashi 99.9 na nufin duk tsayuwar da aka yafe maka daga Janairu zuwa Disamba ba ta kai awa 9 ba. Abin da ya haura, tara ce za a cire daga kuɗinka. Cibiyoyin adana bayanai masu mataki na uku a ma'aunin inganci ma tsayuwar da ake yafe musu ba ta kai awa 2 a shekara ba. To ga mu nan, mafi gatan masu shan wuta a Najeriya, 'yan rukunin A da aka ɗaga wa farashi zuwa naira 225 kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, alkawarin da aka yi musu awa 20 ne a rana. Ko da an cika alkawarin tsaf, awa 4 sau 365 ya ba da awa 1,460 na duhu. Ƙasar mutum sama da miliyan 200 tana raba wutar da take kai-komo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, babban layin ƙasa kuma ya durƙushe sau da yawa a 2024 kaɗai.

Saboda haka injiniyan ba ya ma tambayar wutar gwamnati, ya riga ya sallama ta. Abin da yake son gani shi ne abin da ke faruwa a daƙiƙar da ta ɗauke. A ce ƙarfe biyu ne na dare a Kaduna, wanda ya yi daidai da takwas ko tara na dare a gabashin Amurka, mutum ɗari biyu suna zaune da abin sauraro a kunne, kowa yana tsakiyar magana da wani da katinsa na banki ya ƙi aiki. Wuta ta ɗauke. Dole batura su karɓa ba tare da ko allon kwamfuta ya ƙifta ba. Cikin 'yan daƙiƙu janareta ya tashi da kansa, ba sai an je an taso maigadi ya nemo makulli ba. Idan ya ƙi tashi, na biyu yana nan. Zai buɗe tankin dizal ya tambayi na kwana nawa ne a ciki, wa ke kawowa, idan direbobin tanka suka shiga yajin aiki fa? Zai ce a ba shi littafin da ake rubuta ranar da aka yi wa inji juye da ranar da aka gwada shi da cikakken nauyi. Wannan littafin mai tabon baƙin mai ya fi duk jawabin ɗakin taro nauyi a rahotonsa.

Rashin wuta shi kaɗai ba ya kore ƙasa. Afirka ta Kudu ta sha ɗauke wuta na karɓa-karɓa sama da kwana 300 a 2023, amma cibiyoyin amsa kira na Cape Town ba su daina yi wa kamfanonin Birtaniya aiki ba, domin can ana sanar da jadawali, kowa ya san ƙarfe nawa za a ɗauke, ya yi tanadi. Abin da ke faruwa shi ne kuɗin dizal da batura da sola suna hawa kan farashin kowace kujera, su cinye wani ɓangare na arahar albashin da aka yi tallar ta tun farko. Abin da mai lissafi ba ya iya jurewa shi ne abin da ba shi da jadawali, irin na Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke tahowa daga Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. A unguwarmu akwai wani matashi da yake yi wa wani kamfanin waje rubuce maganganun da aka naɗa, ana biyan sa da dala. A kwanakin nan na riƙa ganin sa da kwamfutarsa a rungume yana bin layi wajen mai cajin waya, ga kuɗin caji an ninka, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Sau biyu ya makara da aiki. Ba wanda ya yi masa faɗa. Wasiƙa ce mai ladabi ta zo, an gode masa, an yi masa fatan alheri, daga nan kuma shiru.

Igiya da inda ta bi

Ta ɓangaren teku Legas ba ta da abin kuka. Akwai igiyoyin SAT-3 tun farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, Equiano ta Google a 2022, sai 2Africa da ta sauka a Legas da Akwa Ibom. Da Equinix, kamfanin cibiyoyin adana bayanai na Amurka, ya sayi MainOne, kamfanin da Funke Opeke ta kafa, kan dala miliyan 320, wannan shaida ce da ta fi kowane jerin gwano ƙarfi, domin mutum ba ya zuba irin wannan kuɗi a inda bai bincika ba.

Amma ranar 14 ga Maris 2024 ta koya wa kowa karatu. Igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Bankuna suka rikice, intanet ya yi nauyi a ƙasashe da dama, gyara ya ɗauki makonni saboda jiragen ruwan da ke wannan aiki 'yan kaɗan ne kuma daga nesa suke tasowa. Kamfanin da ya ɗauka yana da layi biyu don ya sayi sabis daga wurare biyu, a ranar ya gane cewa duka biyun ta rami ɗaya suka bi. Shi ya sa ƙwararren mai aunawa ba ya ƙirga sunayen kamfanoni, taswira yake cewa a shimfiɗa masa ya bi kowace igiya da yatsa, daga teku har bangon ginin, ya ga ko akwai inda suka haɗu.

A nan ne kuma hanyar Legas da ta Kano suke rabuwa. Tsakaninsu tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, igiyar faiba kuma a gefen titi ake binne ta. Duk katafilar da ke aikin hanya, duk mai haƙa kwalbati, duk ɓarawon da ya ɗauka jan ƙarfe ne a ciki, yana iya yanke ta. Kamfanonin sadarwa sun daɗe suna kuka da wannan, har a 2024 gwamnati ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimmiyar kadarar ƙasa da taɓa ta laifi ne. Ga kuma kuɗin izinin haƙa: an yi matsaya kan naira 145 a kowace mita, wasu jihohi suka bi, Kaduna ta yafe gaba ɗaya a 2020, wasu kuma suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninki. Gwamnan da ya tsawwala wannan kuɗi ya samu 'yan miliyoyi a asusun jiha, ya kuma tura igiyar ta bi ta jihar maƙwabta.

Wani zai ce ai ga tauraron ɗan Adam. Tsohon samfurin yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, kafin magana ta je amsa ta dawo an yi rabin daƙiƙa ko fiye. A rubutu ba komai, amma a waya shi ne za ka ji mutum biyu suna ta cin karo, kowa na cewa "ina jin ka, ci gaba". Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasar Afirka, taurarinsa suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, don haka jinkirin ya ragu sosai. Ya yi wa mai aiki shi kaɗai a ɗaki rana, ya kuma dace da layin ko-ta-kwana. Ɗora masa zauren kujera ɗari biyar kuwa wani zance ne daban.

Akwai kuma yankewar da ba katafila ce ke yin ta ba. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter na wata bakwai. A Satumban 2021 aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, sannan a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ana iya jayayya kan ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro. Lauyan tawaga ba wannan ne a gabansa ba. Abin da zai rubuta shi ne: a wannan ƙasa, takarda ɗaya daga ofishi tana iya kashe sadarwar jiha guda, kuma an taɓa yi.

Mutane, musamman na tsakiya

Mu kan ce muna da matasa miliyoyi, kamar yawa shi ne magana. Mai ɗaukar ma'aikata gwaji zai yi. Zai tara masu digiri ɗari, ya ba su saƙon abokin ciniki da ya fusata su amsa a rubuce, ya auna saurin bugun rubutu, ya sa su saurari Baturen Sikotlan yana magana da sauri su faɗi abin da ya ce. Adadin da suka tsallake shi ne ainihin yawan matasanmu a idonsa. Zai kuma lura cewa jami'o'in gwamnati sun rufe wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, wato bututun da zai riƙa ba shi sababbin ma'aikata yana iya toshewa ba shiri. Maganar harshe ma ba ta tsaya ga jin Turanci ba. A 2003 kamfanin kwamfuta na Dell ya janye kiran manyan abokan cinikinsa daga Bangalore saboda ƙorafi, kuma wajen 2010 Filifin ta sha gaban Indiya a aikin amsa kira, domin mulkin Amurka na kusan shekara hamsin ya bar musu karin harshe da sanin al'adun da mai kira daga can yake jin kamar da ɗan gida yake magana.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne tsakiya. Yaro mai ƙoƙari ana iya horar da shi ya amsa kira cikin 'yan makonni. Wanda zai riƙe mutum goma sha biyar, wanda zai saurari kiran da aka naɗa ya gano inda aka kauce, wanda zai tsara dutin mutum ɗari biyar ta yadda ba za a rasa kowa ba ranar Sallah ko Kirsimeti, wanda zai zauna da Bature ranar da aka yi kuskure ya faɗi gaskiya tare da maganin abin, irin waɗannan sai sun yi shekaru a cikin aikin, kuma ba a koyar da su a aji. Indiya shekara talatin ta yi tana tara su. Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da masu rubuta manhaja a haɗa su da kamfanonin waje, a 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya, Kenya da Uganda, ya ce abokan ciniki manyan hannu suke nema. Manyan hannun kuma su ne suka fi kowa saurin samun biza. Shirin horar da mutum miliyan 3 da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 abu ne mai kyau, amma ƙananan hannu yake ƙarawa. A ganina duk jihar da ke da gaske gara ta kashe kuɗi wajen dawo da mutum ashirin da suka taɓa riƙe irin wannan aiki a waje, da ta raba wa mutum dubu goma takardar shaidar horon mako biyu.

Sai amana, wato maganar zanen hula a shagon maƙwabci. Wanda ya ba ka jingar nan ya miƙa maka sunayen mutanensa, lambobin katinsu, wani lokaci har tarihin rashin lafiyarsu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a 2018, tana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya, kuma ba ta karɓar uzurin cewa ɗan kwangila ne ya yi sakaci. Najeriya ta samu cikakkiyar dokarta a Yunin 2023, shekara huɗu bayan Kenya. Doka a takarda mataki ne, amma tawaga za ta shiga zauren ta gani da ido: shin ma'aikata suna ajiye wayoyinsu a akwati kafin su shiga, an toshe ramukan filashi a kwamfutoci, an hana shiga da biro da takarda? Kuma mu kan tarar da bashin da ba mu muka ci ba. Lamba 419, sashen dokar laifuka kan damfara, ta zama kalmar da aka sani a duniya, don haka ɗan kasuwar Najeriya mai gaskiya sai ya kawo shaidu ninki biyu na wanda ɗan Morishiyos zai kawo.

Akanta shi tambayarsa gajeriya ce: idan na ci riba, zan iya fitar da ita? Ya tuna cewa a 2023 kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje sama da dala miliyan 800 sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala. Faɗuwar naira daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ta sa albashi ya zama kamar kyauta ga mai biya da dala, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a lokacin bai kai dala 50 ba. Amma araha ba ta ado. Kwamfuta da batir da kayan janareta duk da dala ake sayo su, ma'aikacin da albashinsa ya narke kuma idonsa na kan ƙofa. Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyinsa a Legas da bukukuwa, a 2024 ya rufe ta, ta Nairobi kuma ta ci gaba.

Mu ma da abin da ya kamata mu auna

Ba kowace jinga ce abin rawar jiki ba. Ayyukan da suka fi sauƙin kawowa su ne suka fi sauƙin ɗaukewa, kuma yanzu na'ura ta shigo layin masu nema. A farkon 2024 kamfanin hada-hadar kuɗi na Klarna da ke Suwidin ya ce ƙirƙirarriyar basirarsa tana yin aikin masu amsa kira 700, ko da yake a 2025 ya dawo yana neman mutane saboda inganci ya ragu. Jihar da za ta ci bashi ta gina katafaren zaure don amsa tambayoyi masu sauƙi tana iya gama ginin ta tarar kasuwa ta watse. Ayyukan da ke da sauran kwana su ne masu buƙatar hukunci: lissafin kuɗi, takardun shari'a, bayanan asibiti, gyaran manhaja.

Arewa ba ta rasa abin nunawa ba. Outsource Global, da Amal Hassan ta kafa a 2013, yana yi wa kamfanonin waje aiki daga Abuja da Kaduna, kuma ya yi hakan ne ta hanyar Bangalore: ya killace wuri, ya tanadi wutarsa da layukansa, ya horar da mutanensa. Kuɗin haya da na rayuwa sun fi Legas sauƙi nesa ba kusa ba, ma'aikaci ba ya kashe awa uku a cunkoson mota, kuma ba kowa ke zawarcinsa kullum ba, don haka yakan daɗe. Akwai tambayoyin da sai ɗan gida zai amsa, kamar yadda matar aure ko budurwa za ta yi dutin dare, wanda ba ya yiwuwa sai da motar da za ta ɗauko ta daga ƙofar gida ta mayar da ita, da kuma zama da iyaye ko miji a yi musu bayani. Wannan ma kuɗi ne, kuma yana shiga farashin kujera.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Lokacin da Facebook ya ba da jingar tace abubuwan da ake wallafawa cikin harsunan Afirka, kamfanin Sama ne ya karɓa, a Nairobi. Cikin harsunan har da Hausa. Wato rubutun da aka yi a Kano da Zariya da Maraɗi, da bidiyon ta'asar 'yan bindiga da ake yaɗawa a wayoyinmu, 'yan Najeriya aka ɗauka aka kai Kenya su zauna su duba su, domin can ginin yake, can layin yake, can manajojin suke. Aikin kuwa bai zo musu da daɗi ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikatan Sama da suka yi wa OpenAI, mai ChatGPT, tace rubutu ana biyan su ƙasa da dala 2 a awa, masu tace Facebook kuma suka kai ƙara kotun Kenya kan sallamar da aka yi musu da kuma abin da kallon yankan mutane awa takwas a rana ya yi wa ƙwaƙwalwarsu. Cikin waɗanda suka tsaya gaban alƙalin akwai waɗanda Hausa ce ta kai su can.